Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Cikin Iyalinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da wuya a sami yaron makaranta a ƙasar Hausa wanda bai san sunan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. In aka ambace shi, abin da ke fara zuwa a rai shi ne hijira da tutoci, da yaƙin Tabkin Kwatto, da faɗuwar Alƙalawa. Amma akwai wani fage na rayuwarsa wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, watau zamansa na uba a cikin gidansa. Alhali kuwa malamai nawa aka yi waɗanda suka cika duniya da suna, da ƙasa ta rufe idonsu sai zaurensu ya mutu, littattafansu suka zama abincin gara, don ba su bar kowa a gida wanda zai iya buɗe su ba? Gidan Shehu bai zama haka ba. Ya bar 'ya'ya maza da mata waɗanda suka riƙe ilmi da mulki bayansa, kuma wannan bai zo da katari ba, aiki ne da aka yi shi da niyya, aka bi shi da lura shekara da shekaru.

Iyaye iri biyu ne a wajen tarbiyya. Akwai wanda ya san abin da yake so ɗansa ya zama, yana auna maganarsa da aikinsa a kan wannan manufa. Akwai kuma wanda sabo ne ke jan ragamarsa, abin da aka yi masa yana ƙarami shi yake maimaitawa, in ransa ya ɓaci ya yi tsawa da duka, in ransa ya yi fari ya sakar wa yaro mara ya yi abin da ya ga dama. Tarihin Shehu madubi ne na irin na farko.

GIDAN DA YA FITO

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Safar na shekarar 1168 bayan Hijira, daidai da Disamba 1754. Garin yana cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa Malam Muhammadu ne, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, watau malami a harshen Fulatanci, mahaifiyarsa kuwa sunanta Hauwa'u. Su Fulani ne Toronkawa, zuriyar da ta daɗe da shahara da karatu. Yana ƙarami iyalin suka koma Ɗegel, can ya tashi, kuma a hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani.

Mahaifin bai tsaya nan ba, sai ya bar shi ya bi malamai. Daga cikinsu akwai Malam Usmanu Binduri, ɗan'uwansu na jini, wanda Shehu ya zauna tare da shi wajen shekara biyu. Ƙanensa Abdullahi ya bayyana cewa Shehu ya kwaikwayi wannan malami a halayensa da ayyukansa, musamman wajen tsoron Allah da horo da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ashe ke nan tun yana saurayi ya gane cewa hali ba a koyonsa daga takarda kaɗai, sai an zauna da mai shi ana kallonsa safe da yamma.

Daga baya ya tafi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, ya zauna da shi kamar shekara guda, har ya bi shi Agadas. Da Malam Jibrila ya yi niyyar wucewa aikin Hajji, sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin wannan tafiya ba. Ga saurayi mai tsananin begen Manzon Allah, ga hanya a buɗe, ga abokin tafiya malaminsa, amma ya juyo saboda haƙƙin uba. Allah bai ƙaddara masa zuwa Makka ba har ya bar duniya. Duk da irin girman da yake ba Malam Jibrila, daga baya ya saɓa masa a kan mas'alar kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, ya rubuta hujjojinsa cikin ladabi, bai kuwa daina yabonsa ba. Wannan biyayya mai tafiya tare da hankali ita ce ya shuka a gidansa.

ƊANSA NA FARKO ƘANENSA NE

Kafin 'ya'yan cikinsa su taso, an riga an ɗora masa renon wani. An haifi Abdullahi a 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Da Abdullahi ya sauke Alƙur'ani wurin mahaifinsu yana ɗan shekara 13, sai aka danƙa shi a hannun wansa. Shehu ya karantar da shi nahawu da fiƙihu da tauhidi da tafsiri, ya riƙa tafiya da shi yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, inda suka yi wajen shekara biyar. Bai riƙe shi a matsayin mai ɗaukar jaka kawai ba. In wata matsala ta ilmi ta taso, yakan tura ta gare shi ya amsa, don ya saba da tsayuwa da ƙafarsa.

Da Abdullahi ya zama malami mai cin gashin kansa, ya saɓa wa Shehu a wasu mas'aloli na tafiyar da mulki, kamar sha'anin sunayen sarauta da kaɗe-kaɗe. Shehu bai ɗauki wannan raini ba, ya amsa masa da alƙalami kamar yadda malami ke amsa wa malami. A cikin littafinsa Najmul Ikhwan ma ya kwaɗaitar da jama'a su karanta littattafan Abdullahi saboda kulawarsa da tsare zahirin shari'a, su karanta na Muhammadu Bello saboda kulawarsa da ilmin siyasar al'umma gwargwadon mutane da wurare da zamani, su kuma karanta nasa saboda yana ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu. Wannan ya nuna mutumin da ya zauna ya karanci ƙanensa da ɗansa, ya san inda kowannensu ya fi ƙarfi, bai kuma ji nauyin bayyana haka a gaban duniya ba.

SABUNTA NIYYA

Akwai wani labari ƙarami wanda Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya kammala a 1812, wanda ya isa ya zama mabuɗin halin Shehu. Bello ya lura cewa duk sa'ad da mahaifinsa zai fita wurin jama'a, yakan tsaya kaɗan a wani gefe na gida, ya yi wata magana a hankali, sa'an nan ya fita. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya sanar da shi cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin yin abin da zai fita dominsa da ikhlasi, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da masu sauraro abin da zai faɗa.

Abu uku ke cikin wannan labari. Na farko, mutumin da ya shekara aru-aru yana wa'azi, tun daga 1774 yana ɗan shekara 20, bai yarda aikin ya zame masa sabo ba, kullum sai ya tsaya ya tambayi zuciyarsa. Na biyu, ɗansa yana kallonsa, ko da shi bai ce a kalle shi ba. Na uku, yaron ya sami fuskar tambaya, aka kuma ba shi amsa ta gaskiya, ba a kore shi da cewa wannan ba ruwan yara ba ne. Bello ya siffanta mahaifinsa da sakin fuska da haƙuri, ya ce in an jefo masa tambaya yana tsakiyar magana yakan dakata ya amsa, ba ya nuna ƙosawa da masu ƙarancin fahimta.

Haka nan 'ya'yan suka tashi suna ganin yadda yake da abin duniya. An san shi da taƙaita tufafi, an kuma ruwaito cewa da tukar igiya yake neman abin da zai ci. A 1788, ranar Babbar Salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta mai yawa, ya ware wa Shehu kaso mafi tsoka. Shehu ya ƙi karɓa, maimakon dukiya ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Yaron da ya tashi a gidan da ake ba da wannan labari ba ya bukatar doguwar huɗuba a kan wadatar zuci.

'YA'YA MATA

Inda Shehu ya fi fito na fito da al'ada shi ne sha'anin karatun mata. A zamaninsa abin da aka saba shi ne a bar mace cikin duhu, ba ta san hukuncin tsarkinta da sallarta da azuminta ba. A cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje suna karantar da su dare da rana, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna ciki ba wanda ya kula da su. Ya kamanta yadda ake riƙon matan da yadda ake riƙon kayan aikin gida, waɗanda ake mora har su lalace a jefar. Ya nuna cewa karantar da iyali wajibi ne wanda ke gaban karantar da baƙi, kuma sau da yawa abin da ke sa a fifita na waje son a sani ne da neman suna.

Tun suna Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya umurci Abdullahi ya mayar da amsa, shi kuwa ya nuna cewa ɓarnar barin mata cikin jahilcin addininsu ta fi girma nesa ba kusa ba. Labarin yana cikin Tazyinul Waraƙat. Abin da Shehu ya kira mutane gare shi kuwa, a gidansa ya fara shi.

A 1793 matarsa Maimunatu ta haifa masa tagwaye a Ɗegel, namiji da mace. Bisa al'ada sunan tagwaye a shirye yake tun kafin a haife su. Namijin aka sa masa Hassan, amma macen Shehu bai bi abin da aka saba ba, ya raɗa mata Asma'u. Masana tarihi suna ganin ya yi nuni ne ga Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi da mahaifinta guzuri a kogon Sauru lokacin hijira. Ko a wajen raɗin suna ke nan sai da ya yi tunani. Mahaifiyar ta rasu Asma'u tana 'yar ƙarama ƙwarai, sai sauran matan gidan suka rene ta, cikinsu har da A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Bello. Da gidan irin wanda kishi ya cinye ne, da marainiyar ta tashi a wulaƙance. Sai ga shi ta tashi da shaƙuwa mai ƙarfi tsakaninta da Bello, wanda ba uwarsu ɗaya ba, shaƙuwar da ta ɗore har mutuwa ta raba su.

Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilmin addini, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Abzinawa, ta kuma yi rubutu da uku na farko. Ba ita kaɗai ba ce. Yayarta Hadiza malama ce, ita ce matar Malam Mustafa magatakardan Shehu, kuma mahaifiyar Abdulƙadir ɗan Tafa mai littafin Raudatul Afkar. Faɗimatu ta auri Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. Maryamu, wadda ke cikin ƙananan 'ya'yan, ita ma ta zama malama marubuciya.

KOWANE ƊA DA HANYARSA

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma manomi na ƙwarai ya san ba kowane icce ke tanƙwaruwa ta fuska ɗaya ba. In aka dubi 'ya'yan Shehu maza za a ga ba a zuba su cikin ma'auni guda ba. Muhammadu Sambo ya karkata ga sufanci da gudun duniya, aka bar shi a kan haka. Muhammadu Buhari ya haɗa fasahar waƙar Larabci da jarumtaka, ya zauna a Tambuwal yana tsaron wannan yanki. Abubakar Atiku ya kasance mai lizimtar mahaifinsa, mai tsanani a kan abin da ya ga ya saɓa wa shari'a. Muhammadu Bello kuwa, wanda aka haifa a 1781, an ga yana da kaifin basira da iya hulɗa da mutane, saboda haka aka haɗa shi da baffansa Abdullahi ya yi karatu mai zurfi, aka kuma fara aikensa da manyan saƙonni tun yana saurayi.

Wannan tafarki yana da asali a wurin magabata. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma littafinsa Ihya'u Ulumiddin yana cikin waɗanda malaman jama'ar Shehu suka sha daga gare su, ya bayyana yaro da cewa amana ne a hannun iyayensa. Ya yi horo a yabe shi in ya yi abin kirki, a kau da kai daga kuskurensa na farko, in ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kada kuma a yawaita zargi har maganar ta zube a idonsa, sa'an nan a bar shi ya yi wasa bayan karatu don kada zuciyarsa ta mutu. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, shi ma ya nuna a cikin Muƙaddima cewa tsanantawa ga yara tana koya musu ƙarya da yaudara, domin tsoron hukunci yana sa su ɓoye abin da ke ransu. Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya taƙaita littafin Madkhal na Ibnul Hajji a cikin Lubabul Madkhal, inda aka yi magana a kan ladubban malamai da masu karantar da yara.

RANAR JARRABAWA

Tarbiyya ba a sanin ƙarfinta sai wuya ta zo. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu, kada maza su yi rawani, kada mata su yi lulluɓi, kuma duk wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da Shehu ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa, watau a ce mutum ya zauna a kan abu don kawai shi ya iske ana yi. Da Yunfa ya hau gadon sarauta al'amari ya ƙara tsananta, har a watan Fabrairu 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma har da littattafan Shehu.

A lokacin Bello yana da shekara 23, Asma'u kuwa wajen 11. Yarinyar da aka sa wa sunan mai hidimar hijira sai ga ta cikin hijira da ƙafarta. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi, amma kafin shekarar ta ƙare aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada. Yunwa da cuta suka biyo baya, aka yi ta ƙaura daga Sabon Garin Zamfara zuwa Gwandu. Duk cikin wannan hali karatu bai tsaya ba, Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806. A 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, a 1809 ya fara gina birnin Sakkwato.

Da ƙasa ta lafa, Shehu bai ƙanƙame mulki ba. Ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, a 1812 ya raba tafiyar da al'amura, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Ya sakar musu aiki tun yana da rai, yana daga gefe yana gyara, yana kuma tsawatar wa duk mai riƙe da muƙamin da ya ga yana karkata ga zalunci da tara dukiya. A 1815 ya koma Sakkwato, Allah ya karɓi ransa a can ran 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Sani 1232.

Sai dai a tuna, shiriya ta Allah ce. Ruwayoyi sun ce Yunfa kansa ya taɓa zama a gaban Shehu yana ɗaukar karatu, amma ya zama babban abokin gabansa. Annabi Nuhu ma bai iya tsirar da ɗansa ba. Abin da ke kan uba shi ne ƙoƙari da kyakkyawar niyya da addu'a, sakamako kuwa yana hannun Mai shi.

ABIN DA AKA GIRBA

Rasuwar Shehu ta zo da abin da ya isa ya tarwatsa gida. An yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato alhali baffansa Abdullahi, wanda ya girme shi kuma ya karantar da shi, yana raye. Zukata suka yi nauyi na ɗan lokaci. Amma da 'yan tawaye suka kafu a Kalambaina suka gagari Abdullahi, sai Bello ya zo da runduna ya taimake shi. Da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ɗa ya tuna da haƙƙin babba, babba ya tuna da haƙƙin shugaba, fitina ta mutu nan take. Duka biyu hannu ɗaya ya rene su.

Bello ya yi mulki shekara 20 har ya rasu a Wurno a 1837, ya bar littattafai masu yawa a kan shari'a da mulki da tarihi da magani. Baturen Ingila Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma komo a 1826, ya yi mamakin faɗin saninsa. Da ya ba shi kyautar littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, sai Bello ya sanar da shi cewa gidansu ya taɓa mallakar irinsa, gobara ce ta cinye. Bayansa Atiku ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, Ahmadu Rufa'i kuma daga 1867 zuwa 1873.

Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Bello. Ta rene ƙanenta Isa, autan Shehu wanda aka haifa a shekarar rasuwar mahaifinsu, ta karantar da shi har ya zama mai mayar da waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Abin da aka yi mata tana marainiya shi ta yi wa maraya. Sa'an nan ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa shugabannin mata, waɗanda ake kira jaji, malfa da jan rawani. Su ne ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su isar ga matan aure a cikin gidajensu. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, Maryamu ta ci gaba da aikin.

Ƙasar Kano ma ta sami rabonta. Malaman da suka amsa kiran Shehu a nan sun haɗa da Malam Bakatsine na Joɓawa, mutanen yankin Utai da Wudil, zuriyar da sarautar Makaman Kano ta zauna a cikinta. Abdullahi ya sauka Kano a 1807, ya karantar da tafsiri, ya rubuta wa jama'arta Liya'ul Hukkam. Maryamu 'yar Shehu kuwa ta zauna a gidan sarautar Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, kuma ko bayan komawarta Sakkwato manyan Kano ba su daina jin maganarta ba.

DARASI GA IYAYE

Magidancin da ya dawo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a a gajiye, ciniki bai yi daɗi ba, ya tarar yaro ya fasa tulu ko ya ƙi zuwa makarantar allo, yana tsakanin hanya biyu. Ko dai hannu ya riga hankali, ya sauke wa yaron fushin kasuwa, ko kuwa ya yi irin tsayuwar nan ta Shehu a bakin zaure, ya tambayi kansa abin da yake nufi da hukuncin da zai yi, gyara ne ko huce haushi. Tsayuwar ba ta fi ta numfashi biyu ba, amma ita ce ke raba horo da zalunci. Haka uwar da bakinta ya saba da zagi da tsinuwa, ya kamata ta tuna addu'ar iyaye a kan 'ya'ya ba ta da shamaki.

Malamin da zaurensa ke cike da almajirai ya leƙa cikin gida ya ga ko 'yarsa ta iya alwala. Mai tura ƙaramin yaro wani gari da sunan karatu ba guzuri ba mai kula, don kawai haka aka yi masa, ya tuna mahaifin Shehu da kansa ya fara karantar da ɗansa, sa'an nan aka miƙa shi ga malamai sanannu, mafi yawansu 'yan'uwa. Mai 'ya'ya da yawa ya zauna ya san halin kowannensu, kada ya auna mai sanyi da ma'aunin mai zafi. Alƙur'ani mai girma ya umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta, ya kuma kawo wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa cikin lafazi mai taushi, don ta zama abin koyi.

Daular da Shehu ya kafa ta faɗa hannun Turawa a 1903, amma littattafan 'ya'yansa har yanzu ana karanta su a zaure da jami'a, makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da yawa suna ɗauke da sunan Nana Asma'u.

Allah ya jiƙan Shehu Usmanu da iyalansa, ya haskaka makwancinsu, ya ba iyaye ikon riƙon amanar 'ya'yansu da sani da haƙuri, ya shiryi zuriyar Musulmi baki ɗaya. Amin.